Jirgin Malam da Dokar Tabarma

Shekara arba'in da wani abu ina zaune da mutumin da ba ya iya wuce murfin kwalba a ƙasa bai duƙa ba. Malam, maigidana, makaniken kan jirgi ne a reluwe, a nan tashar Gusau ya yi aikinsa har ya ajiye. Da ya ajiye sai ya ƙi zaman bakin titi irin na tsararsa. Ya share ɗan ɗakin da ke jikin zaure, ya tara gwangwanayen madara da na tumatir, da waya, da dalma, ya ce zai ƙera jirgi. Ni a lokacin ina fama da tuyar ƙuli-ƙuli da matsar mai, ba ni da sararin wasan yara. Na faɗa masa haka, kuma ban rage murya ba. Ya ci gaba da aikinsa. Shi ba ya tankawa, sai dai ka ji almakashinsa ya ci gaba da cin gwangwani.

Shekara uku ya yi a kansa. Tsawonsa kamu ɗaya, baƙi wuluk, ƙafafunsa shida na farin ƙarfe da jan fenti a tsakiya, yana jan tarago uku. Akwai 'yar ƙofa da take buɗewa, akwai matakala da ko ɗan yatsa ba ya hawa. Wani ake yi masa da mabuɗi kamar agogo. Ranar da ya fara tafiya a daɓen zaure na kawo masa tuwo ne, na tsaya da kwano a hannu har miya ta yi sanyi. Na ajiye masa kwanon na fita. Amma daga ranar, duk gwangwanin da na buɗe sai na wanke shi na kife masa a bakin ƙofa.

Ashe ba shi kaɗai ba ne. Tsofaffin ma'aikatan reluwe da yawa sun kamu da abin, kuma duk shekara, kwana uku bayan Babbar Sallah, suna haɗuwa a filin gidan tsohon shugaban tasha, wanda har gobe Masta suke ce masa. Daga Tsafe ake zuwa, daga Bungudu, har daga Ƙaura. Kowa ya zo da jirginsa a naɗe cikin zani. Sun kafa ɗan layin dogo na waya a kan katako, ya kewaye gindin wata babbar darbejiya, bayan la'asar kowane jirgi ya yi zagaye ɗaya a gaban jama'a. Kafin la'asar kuwa kasuwa ce: masu gyaran agogo, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, 'yan gwanjo masu kayan wasan yara, kowa ya baza hajarsa.

Suna da doka guda. Jirgin da ya kasa zagaye shekara biyu a jere, ya shiga tabarma. Ana shimfiɗa tabarma a tsakiyar fili, mai jirgin ya kwance shi da hannunsa, ƙusa bayan ƙusa, sauran su raba kayan. Dalilinsu shi ne kaya sun yi wuya, agogon da ake yi wa wani da mabuɗi ya ƙare a duniya, bai kamata ƙarfe mai kyau ya kwanta a jikin abin da ba ya tafiya ba. Wanda ya ƙi zuwa don tsoron tabarma, to ya fita daga cikinsu ke nan. Malam ne ya kawo wannan doka da bakinsa, kuma ƙafafun nan shida na farin ƙarfe da yake taƙama da su, a tabarmar wani ya same su.

Bara waccan jirginsa ya yi rabin darbejiya ya tsaya. Wani faifai mai haƙora da ke cikinsa ya cinye, sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ake yi wa wani, shi ma ya tsinke. Ya dawo gida ya ce ba komai, yana da shekara guda. Amma a cikin shekarar nan yanar ido ta rufe masa gani. Da farko zaren allura ya gagara, daga baya fuskar mutum sai ya matso. Ina kallonsa yana zaune a zaure da jirgin a cinya, yana shafa shi kamar mai lallashin jinjiri. Saura wata guda Sallah na tsaya a kansa.

"Malam, ko dai ka haƙura da zuwa bana?"

"Ni na sa dokar. In ƙi zuwa, da wane ido zan dubi mutane?"

"Da wane ido kuwa, tunda babu shi?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na ce ya gaya mini abin da ake nema, ni ina da ido kuma na san kasuwa. Sai ya ce in kawo sabulun wanki. Ya danna mataccen faifan a jikin sabulun har haƙoran suka fito ɓaro-ɓaro, ya karya tsinken tsintsiya daidai faɗin sifirin, ya miƙa mini. "Wanda ya zauna cikin ramin ga, shi na. In ya yi motsi ko kaɗan, ki bar musu abinsu." Na ƙulle su a bakin mayafi. Na shiga mota na je Tsafe ranar kasuwa, na je Bungudu, na bi duk mai teburin agogo ina danna ƙarfe a sabulu, yara na bina da kallo. Ban samu ba. Sai ya rage ranar taro kaɗai.

Mun isa da hantsi a Keke Napep, shi rungume da jirgi, ni riƙe da gefen rigarsa. Ban taɓa zuwa ba, domin mata ba sa zuwa. Masta na zaune a kujerar roba da tsohuwar hular aikinsa da usur a wuya. Da ya gan ni sai ya miƙe.

"Maraba da uwargida. Yau an kawo mana sufeto ke nan?"

"An kawo ma Malam ido, ranka ya daɗe. In akwai haram a ciki ka hwaɗa min in koma."

"Babu, wallahi. A ba Hajiya tabarma."

"Tabarmarku dai ku riƙe abinku," na ce. Duk suka kwashe da dariya.

Wanda ya fi kowa dariya wani dogo ne daga Bungudu, tsohon direban jirgi, abokin tsokanar Malam tun suna samari. Ya zo ya yaye zanin ya leƙa.

"Makanike, ka shafa ma ƙafafuna mai? Yau da su zan kwana. Har na yi musu wuri."

"Kai da ka ƙare aikinka ba ka san inda ake zuba mai ba?" in ji Malam. "Mu munka gyara, ku kunka ɓata."

"Mu munka tuƙa, ku kunka kwana ƙarƙashi!"

Ba wasa kawai yake yi ba. Na ga yadda idonsa ya tsaya a kan ƙafafun nan. Yana son su da gaske, kuma bai ɓoye ba.

Na zaunar da Malam a inuwa na shiga kasuwar. Ni mace ce da ba a burge ni da sauƙi, amma abin da na gani a filin nan ya sa na rage sauri. Wani tsoho ya ƙera tashar Gusau sukutum da karan dawa, har da tankin ruwa da benci. Wani ya yi taragon shanu da ƙananan shanu na yumɓu a ciki, kowace da ƙahonta daban, ya ce haka Fulani ke loda su a da. Wani hannunsa na rawa, ko shayi ba ya iya kai wa baki sai ya zube, amma da ya ɗauki ɗan sukudireba ya nufi ƙusa sai rawar ta tsaya cak. Na daɗe a kansa ina kallo. Mutanen nan fansho ba ya isar su, wasu takalmansu a ɗinke da waya, amma babu wanda jirginsa ke da ƙura.

Na fara da mai gyaran agogo daga Tsafe, wani siriri mai gilashi ɗaure da zare. Yana da faifai cike da farantin tangaran.

"Mi kika biɗa, Inna?"

Na kwance sabulu na ajiye. Bai yi dariya ba. Ya ɗaga shi ya duba a rana, ya ce, "Wanda ya yi wanga ya san aiki." Muka zauna muna gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya yi girma, wani haƙoransa sun yi ƙanana. Guda ɗaya ya kusa, sabo fil yana ƙyalli. Na ɗaga shi na sake shi a kan farantin, kamar yadda nake ƙwanƙwasa tukunya kafin in saya. Ƙararsa a toshe take.

"Wanga ba tagulla ba ne."

"Awo, ba ita ba ce. Wanki anka yi mashi. Zai yi wata guda, amma ba ya jan tarago uku. Da ba ki gane ba ma da na hwaɗa miki, don Makanike ne."

Na dube shi sosai. Na yarda da shi, kuma ba kasafai nake yarda ba.

'Yan gwanjo suka yi ta kira na. Wani ya nuna mini ɗan inji mai batir, ya ce a jefa shi a ciki a huta, ko yaro zai iya. Na kai wa Malam labari. Ya ce jirgin da ya yi wa hidima wuta da ruwa yake ci, wannan kuma wanin mabuɗi yake ci, ba zai sa masa abin rediyo ba ko da tabarma ce. Na ce masa taurin kai ne. Ya ce ya sani.

Azahar ta wuce, ban samu ba. A can ƙarshen fili, kusa da katanga, wani ɗan gwangwan mai ƙiba ya juye buhu biyu a ƙasa, ko tsarawa bai yi ba. Tsofaffin fitilu, murafun tukwane, sarƙar keke, makullai marasa mabuɗi. A ƙarƙashin wani murfi na hango agogon tebur irin na da, mai ƙararrawa biyu a ka da hoton kaza tana tsattsagar hatsi. Gilashin ya fashe, hannu ɗaya ya ɓace, bayansa a buɗe. Na ga jan ƙarfe a ciki.

A kasuwa ba na kallon abin da nake so. Na tsuguna na ɗauki murfin tukunya, na juya shi, na kushe shi, na ce ya lotsa. Ya faɗi kuɗi, na ce ko sabo bai kai haka ba. Na miƙe kamar zan tafi, ya kira ni. Muka ja, muka ja, ya sallama. Ina biya sai na sa ƙafa na ture agogon.

"Wanga mataccen fa? Sa min shi gyara, in kai ma jikoki."

Ya dube ni, ya dubi agogon, ya yi murmushi har kumatunsa suka rufe ido.

"Inna, tun kina wajen mai agogo nike kallonki da sabulunki. Murfin ga ba ki da tukunyarshi. Gwada abinki a gabana, in ya zauna ki ɗauka."

Kunya ta kama ni, abin da na daɗe ban ji ba. Ya sa wuƙa ya zaro faifan, na danna a sabulu. Ya zauna daram kamar a nan aka haife shi. Na kara tsinke a jikin sifirin, daidai. Na ce to ya faɗi kuɗinsa na gaskiya. Ya ce an riga an gama ciniki, gyara ce na roƙa kuma ya ba ni, shi ba ya cin kuɗin gyara. "Ki dai ce ma Makanike ina son in ga jirgin yana tahiya."

Malam ya karɓi agogon da hannu biyu. Bai kai shi kusa da ido ba, ya san ba amfani. Ya bi cikinsa da ɗan yatsa, leɓensa na motsi. Ya buɗe cikin jirgin ya shafa, sai fuskarsa ta canza. Gidan da faifan ke zama ya tsage, bai lura ba sai yanzu. Ya ce babu lokacin gyara shi, sai dai a ɗauke kayan cikin agogon gaba ɗaya, ɓangaren da ke kaɗa ƙararrawa, a dasa.

Ban san lokacin da mutane suka kewaye mu ba. Mai agogo ya bar farantinsa ya zo da 'yan kayan aikinsa. Wani ya kawo kurfoti da garwashi don narka dalma. Direban Bungudu ne ya tsuguna ya riƙe ƙarfen dalmar, bakinsa bai huta ba.

"Nan ko can? Yi magana, tsoho, hannuna na ƙuna. Ni da ke jiran gado, ga ni ina jinya."

"Hagu kaɗan. Ba hagunka ba, nawa. Ɗiga. Ya isa, kada ka cika min shi kamar miyar gidanku."

Na zauna a gefe ina kallon yatsun Malam. Sun san kowane rami. Ƙusar da ni mai ido sai na ƙura kafin in gan ta, shi zai ɗauke ta da farce ya kai ta mazauninta sau ɗaya. Shekarun nan duka abin da yake yi ke nan a ƙarƙashin jirage, cikin duhu da baƙin mai, ni kuwa abin da na sani kawai wankin rigunansa.

Da aka rufe, direba ya ce a gwada. Mai agogo ya girgiza kai. Ya ce sifirin ya tsufa, ya ga tsatsa a gindinsa, wani ɗaya zai ɗauka cikakke, na biyu sai abin da Allah ya yi. Malam ya ce to ba zai ɓata shi a hannu ba, a kan layi zai yi shi. Ana cikin haka aka kira la'asar.

Bayan salla Masta ya busa usur. Jirage suka fara zagaye. Na direban Bungudu ya wuce kamar an kore shi, aka yi masa tafi. Na mai rawar hannu ya tafi a hankali, bai yi tuntuɓe ba. Malam ne na bakwai. Na kai shi bakin layi, ya durƙusa, ya ɗora ƙafafu shida a kan waya da shafa, ya maƙala taragu. Ya yi wani yana ƙirgawa a ransa, ina jin ƙarfen na kuka. Ya yi bisimilla ya saki.

Jirgin ya tafi da baya.

Taragu uku a gaba, kai na tura su. Malam ya karkata kunne, ya ji ƙarar ta nufi inda bai kamata ba. Tun kafin kowa ya buɗe baki ya ce, "Da baya ya tahi, ko?" Wani ya miƙa hannu zai ɗauke shi, sai direba ya daka tsawa.

"Kada wanda ya taɓa! Jirgi na kan layi!"

Tura tarago a kan kwana ya fi ja wuya, haka suka gaya mini daga baya, don na gaba ba shi da mai riƙe shi. Ni dai na ga na farkon yana rawa. Wani tsoho da ya yi aikin tuta ya tashi da gudu, ya cire jar hularsa yana kaɗawa a gaban taragon, yana ihu a ba da hanya, alhali babu kowa a hanyar sai ganyen darbejiya. Jirgin ya shige bayan itacen, muka daina ganinsa. Na ji kaina ina salati da ƙarfi. Ya fito ta ɗaya gefen. A wurin da katako biyu suka haɗu taragon gaba ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya tsaya a iska, ya koma. Wanin ya fara ƙarewa, tafiyar ta zama jan ciki. Ya zo, ya zo, kan jirgin ya wuce gaban gwiwar Malam da kamar faɗin tafin hannu, ya tsaya.

Aka ɓarke da hayaniya. Wasu na cewa ya zagaya, wasu na cewa jirgin da bai san gabansa ba ba jirgi ba ne. Masta ya busa usur, ya ce tunda mai doka na nan, a ji daga bakinsa.

Malam na durƙushe har yanzu. Ya ce, "Kuskurena ne. Ƙararrawa ba ta juyawa yadda hannun agogo ke juyawa, na sani, na manta. Da na wani ne da na ce bai yi ba. A shimfiɗa tabarma."

Na so in yi magana, na danne. Ba wurina ba ne, kuma gaskiya ya faɗa yadda ya gan ta.

Direban Bungudu ya miƙe tsaye ya kakkaɓe riga.

"Masta, kai shaida ne. Shekarar da ruwa ya cinye hanya tsakaninmu da Ƙaura, wa ya dawo da jirgi cike da mutane har cikin tashar ga?"

"Kai ne."

"Da gaba na dawo ko da baya?"

"Da baya."

"Ka rubuta na iso, ko ka rubuta ban iso ba?"

Masta ya gyara hula. "Na rubuta ka iso."

"To shi makanike mi ya sani game da isowa? Aikinshi kwanciya ƙarƙashi. A tambayi direbobi. Wanda ya tura tarago uku a kwana bai zubar ba, a gaishe shi. Ina son ƙafafun ga, Allah ya sani, amma ba ta wannan hanya ba."

Direbobin da ke wurin suka ce haka ne. Masta ya ɗaga hannu ya ce jirgin Makanike ya tashi daga tasha ya dawo tasha da kayansa cikakku, shekara biyun ta goge. Ya busa usur mai tsawo. Ɗan gwangwan na can bakin katanga yana buga murafun tukwane biyu.

Na naɗe jirgin da kaina, taragu a gefe, na ɗora wa Malam a hannu. Direba ya raka mu har bakin titi yana cewa baɗi ma yana nan, kada a saki jiki. Muka shiga Keke ni da Malam, muka kama hanya har muka wuce tasha. Sannan ya matso ya ce, "Da ya shiga bayan itace, ya ya fito?"

Na gaya masa. Ya ce a'a, in fara tun daga farko, kuma kada in tsallake wurin da taragon ya ɗaga ƙafa. Na fara tun daga farko.